Musun finafinan Koriya: wa ake saurara idan masu kallo sun yi ƙorafi?

A watan Maris na 2021 tashar SBS ta Koriya ta Kudu ta fara haska wani fim mai dogon zango mai suna Joseon Exorcist. An tsara zai yi kashi 16, an zuba masa maƙudan kuɗi, an ma riga an ɗauki mafi yawansa. Kashi biyu kacal aka nuna, Litinin da Talata, ranar Juma'a aka sanar an rufe shi ruf, shi ke nan. Ba gwamnati ce ta hana ba fa, ba kuma hukumar tace finafinai ba, masu kallo ne suka tayar da ƙayar baya. Laifinsa shi ne an nuna wani gidan saukar baƙi a zamanin daular Joseon, tsohuwar masarautar Koriya, an jera abincin 'yan China a kan tebur, irin alkakin nan nasu na bikin wata da ƙwan da suke ajiyewa har ya yi baƙi, sannan aka nuna Sarki Taejong, wanda sarki ne na gaske a tarihinsu, yana sassare talakawan da ba su ji ba ba su gani ba. Dama kuma lokacin ana tsaka da ja-in-ja da 'yan China a intanet kan wa ke da asalin kimchi, wani abinci na kabeji mai tsami, da tufafin gargajiyar hanbok, toh sai abin ya zo a kan gaɓa. Mutum sama da 200,000 suka sa hannu a koken da aka kai fadar shugaban ƙasa, amma ba koken ne ya kashe fim ɗin ba, mutane ne suka bi kamfanonin da ke talla a cikinsa ɗaya bayan ɗaya suna cewa za su daina sayen kayansu, su kuma kamfanonin suka dinga zare jiki, tasha ta wayi gari ba mai biya.

Duk wanda yake son ya gane me ya sa musu a kan finafinan Koriya yake da zafi haka, daga nan ya kamata ya fara. A can mai kallo yana da hannu a cikin abin da ake dafawa, kuma ya san yana da shi.

Dalilin kuwa yana cikin yadda aka saba yin aikin. Shekara da shekaru tsarin manyan tashoshinsu, KBS da MBC da SBS, shi ne a ɗauki kashi kaɗan na farko sai a fara haskawa, kashi biyu duk sati, sauran kuma ana ɗauka ana nunawa, wani lokacin abin da za a gani da daddare da ranar nan ake ƙarasa haɗa shi, marubuciya tana turo takarda shafi-shafi jarumai suna haddacewa a cikin mota. Washegari da safe alƙaluman yawan masu kallo sun fito, ra'ayoyin jama'a sun cika intanet, kowa a kamfanin ya karanta. Kamar mai tuyar waina ce a bakin titi, ana ci ana faɗa mata gishiri ya yi yawa tana gyara ƙullun tun bai ƙare ba. In jama'a suka so wani ɗan wasa sai a ƙara masa fitowa, in suka tsani wani sai a tura shi karatu Amurka a kashi na gaba ba a ƙara ganinsa. In fim ya karɓu a ja shi. Jumong ɗin nan na MBC da aka sha kallo a faifan DVD a nan wajenmu, kashi 60 aka tsara masa, farin jininsa ya sa aka kai shi 81, shi ya sa duk wanda ya kalla da kyau zai ji akwai inda labarin ya dinga jan ƙafa ana ta zaman fada ba a ci gaba. Wahalar tsarin kuma a kan ma'aikata take ƙarewa, a 2011 jaruma Han Ye-seul ta bar wajen ɗaukar fim ana tsaka da haska shi ta hau jirgi sai Amurka, tana kukan ba a barinsu ko barci, duk da dai daga baya ta dawo ta ba da haƙuri.

Toh mutumin da aka saba masa da cewa maganarsa tana canza labari, ranar da aka ƙi bin ra'ayinsa ai dole ya ji kamar an ci amanarsa. Nan ne tushen musun da ya fi kowane yawa, wato na ƙarshen fim da kuma wa jaruma za ta aura. A Reply 1988 da tashar tvN ta gama haskawa a Janairun 2016, masu kallo sun rabu gida biyu tun kafin a je ko'ina, 'yan Jung-hwan da 'yan Taek, samarin biyu da ke son jarumar, kowane ɓangare yana tattara hujja daga yadda aka kalli wance a kashi na kaza da irin rigar da wane ya sa, da aka tashi sai aka ba Taek, har yau akwai waɗanda ba su huce ba. Haka aka sake yi a Start-Up a 2020. Shi kuwa Twenty-Five Twenty-One na 2022 masoyan ne ma gaba ɗaya aka raba a ƙarshe, wasu suka ce wannan shi ne gaskiyar rayuwa, soyayyar ƙuruciya ba kasafai take kaiwa aure ba, wasu suka ce in gaskiyar rayuwa suke nema ai ba sai sun ƙona data ba, suna da ita a gida. Kakan duk waɗannan shi ne Lovers in Paris na 2004, wanda sama da rabin gidajen da ke kallon talabijin a ƙasar suke bi, a kashin ƙarshe aka nuna musu wai duk labarin nan rubutu ne kawai jarumar take yi. Marubuciyar, Kim Eun-sook, bayan shekaru ta fito ta ce ta yi nadama.

Ni a wannan musun ina bayan marubuta sau da yawa, don in aka bar wa masu kallo alƙalami duk fim da biki zai ƙare. Amma akwai inda masu ƙorafi suke da gaskiya: in ka yi kashi 14 kana gina abu guda sannan ka rushe shi a kashi biyu ba tare da ka shuka dalili ba, wannan ba zurfin tunani ba ne, gaggawa ce, kuma yawanci tsarin ɗauka-ana-nunawa ne ya jawo ta.

Sai maganar talla, wadda ita ma ba ta rasa masu gunaguni. Tun 2010 doka ta halatta saka kayan kamfani ƙarara a cikin fim, shi ya sa za ka ga hamshaƙin attajiri mai jirgin kansa ya kai budurwa cin sanwici a Subway, ko ana cikin kuka jaruma ta tsaya ta ciro wani man shafawa ta goga a fuska a nuno sunansa sosai. Mu daga nesa dariya abin yake ba mu, su a can wani lokacin har siyasa yake zama, a 2021 ɗin dai aka yi ca a kan Vincenzo saboda jarumin ya ci bibimbap, abincin Koriya, amma na wani kamfanin China, sai da aka yanke wajen. Abin lura dai shi ne tallan nan da ake tsaki a kansa shi ne igiyar da mai kallo yake riƙe da tasha da ita. Ba talla, ba abin yi wa barazana.

Ga misalin da ya fi nuna haka. Wata tara bayan rufe Joseon Exorcist, a Disambar 2021, tashar JTBC ta fito da Snowdrop, wanda a ganina laifin da ake zarginsa da shi ya fi na wancan nauyi nesa ba kusa ba. Labarin a 1987 aka ajiye shi, shekarar da 'yan Koriya suka fito titi suka tilasta wa gwamnatin soja ta Chun Doo-hwan amincewa da zaɓen shugaban ƙasa kai-tsaye, shekarar da 'yan sanda suka azabtar da ɗalibi Park Jong-chul har ya mutu. A wancan zamanin babbar dabarar gwamnati ita ce ta kama ɗalibi mai zanga-zanga ta ce ɗan leƙen asirin Koriya ta Arewa ne. Sai ga fim ya zo da jarumi wanda da gaske ɗan leƙen asirin Arewa ne, ɗaliba ta ɓoye shi a hostel ɗin mata tana zaton ɗan zanga-zanga ne. Ga wanda aka ɗaure babansa da wannan ƙaryar, ai kamar an ce masa ashe sojoji suna da gaskiya ne. Koke ya haura mutum 300,000, wasu masu talla suka janye, aka je kotu a dakatar da shi kotu ta ƙi, tashar ta ce a yi haƙuri a kalla zuwa gaba za a gane ba haka ake nufi ba, kuma fim ɗin ya kai ƙarshe lafiya lau. Bambancin? Akwai dalilai da yawa, amma ni ban iya kau da kai daga cewa Disney+, dandalin kallon finafinai a intanet, ce take nuna shi a ƙasashen waje, kuma jarumar Jisoo ce ta ƙungiyar Blackpink mai miliyoyin masoya a duniya. Waɗannan masoyan na waje suka dinga cewa fim ne kawai a bar mutane su huta, 'yan Koriya kuma suna ce musu ku ba kakanninku aka azabtar ba. Fim ɗaya ake kallo amma kamar biyu ne.

Wannan rabuwar tsakanin mai kallo na gida da na waje ita ce a ƙarƙashin yawancin rigingimun yanzu, kuma ta ƙara faɗi tun da kuɗin waje ya shigo da ƙarfi. Squid Game ya fito a Netflix ranar 17 ga Satumban 2021, cikin kwana 28 aka kalle shi na awa biliyan 1.65, a 2023 kuma kamfanin ya ce zai zuba dala biliyan 2.5 a finafinan Koriya cikin shekara huɗu. Fim ɗin irin wannan dandali ana gama shi tsaf kafin kowa ya gani, ba ya jiran mai tallan man shafawa, kuma ba ya ƙarƙashin tsauraran ƙa'idojin gidan talabijin. Sai tsofaffin masoya suka fara kukan an lalata musu abinsu: da kashi 16 ne a gama labari a tashi, yanzu kashi 8 ko 6 ne a ce ka jira zango na biyu bayan shekara biyu ko uku, ga jini ga tsiraici. Squid Game ɗin kansa sai ƙarshen 2024 zango na biyu ya zo, na uku a Yunin 2025, kuma mutane da dama sun ce labarin da ya soki yadda kuɗi ke cinye mutane shi ma kuɗin ya cinye shi.

A nan akwai wani abu da ya shafe mu kai-tsaye. Da yawa daga cikin masu kallon finafinan Koriya a ƙasar Hausa, musamman mata, hujjarsu ita ce sun fi na Turawa tsafta, akwai kunya, akwai girmama na gaba, uwar miji tana da iko, sai a yi kashi bakwai ko takwas ba abin da ya wuce riƙe hannu. Gaskiya ne, amma mu san daga ina tsaftar ta fito. Akasarinta dokar gidan talabijin ce. Akwai hukumar da ke sa ido kan abin da tashoshi ke haskawa, shi ya sa za ka ga an dusashe wuƙa in an ɗaga ta za a soki mutum, taba sigari kuma manyan tashoshin sun daina nuna shanta tun farkon shekarun 2000, sai dai a riƙe ta ba a kunna ba. Amma giyar soju fa? Kusan kowane kashi sai an zauna a tanti an sha an bugu an goyo wata zuwa gida, don a wajensu wannan ba abin ɓoyewa ba ne. Finafinan silima na Koriya kuwa tun fil azal ba su da wannan kunyar, wanda ya ga Oldboy na 2003 ya sani. Don haka masu cewa Netflix ta ɓata tarbiyyar 'yan Koriya ba su faɗi daidai ba, ta dai cire shingen da ke tsakanin silima da talabijin ne, abin da ke can dama ya tsallako. Wanda yake zaɓar wa gidansa abin kallo gara ya duba wace tasha ce ta yi fim ɗin, ya fi masa amfani a kan ya ce ai na Koriya ne ba matsala.

Haka ma masu ɗaukar Koriyar cikin fim a matsayin Koriyar gaske. Ƙasar da ta fi kowa iya sayar da soyayya ita ce a 2023 ma'aunin haihuwarta ya faɗi zuwa 0.72 ga kowace mace, mafi ƙanƙanta a duniya, matasa suna gudun aure saboda tsadar gida da kuɗin karatun yara da aikin da ba ya ƙarewa. Tsakanin samari da 'yan matansu kuma akwai gaba mai zafi kan maganar haƙƙin mata, har fim ɗin Kim Ji-young, Born 1982 na 2019, labarin matar aure ce kawai da abin da take haɗiyewa, amma tun kafin ya fito wasu maza suka yi masa taron dangi suna ba shi maki mafi ƙasa, jarumar ta sha zagi don kawai ta karɓi aikin. Ɗakin ƙarƙashin ƙasa da aka gani a Parasite, wanda ya ci kyautar Oscar huɗu a 2020, ba ƙirƙira ba ce, a Agustan 2022 ambaliya ta kashe mutum uku 'yan gida ɗaya a irin wannan ɗakin a Seoul. Shi ya sa abin da mu muke kallo don nishaɗi, kamar The Glory da ya yi maganar cin zalin ɗalibai a makaranta, su a can tsohon miki yake fama musu.

Kuma wannan ikon na masu kallo da na yaba a farko yana da mummunar fuska, ba zan ɓoye ba. Jama'ar da za ta iya rufe fim cikin kwana huɗu za ta iya rufe mutum ma. A 2021 aka zargi jarumi Ji Soo da cin zalin 'yan ajinsu lokacin yana makaranta, ya ba da haƙuri, aka cire shi daga River Where the Moon Rises ana tsaka da haskawa aka sake ɗaukar wurarensa da wani jarumin. Wasu za su ce wannan adalci ne, wataƙila. Amma Lee Sun-kyun fa, mai gidan nan attajiri na cikin Parasite? An yi wata biyu ana bincikensa kan zargin ƙwaya, gwaje-gwajen da aka yi masa ba su nuna komai ba, duk da haka kullum sunansa yana kanun labarai ana fallasa sirrinsa, a ƙarshen Disambar 2023 aka tsinci gawarsa a mota. Daraktan Parasite, Bong Joon-ho, da wasu 'yan masana'antar suka kira taron manema labarai suna neman a binciki yadda 'yan sanda da kafafen labarai suka tafiyar da lamarin. Masu kallo na waje sukan ce 'yan Koriya sun cika tsanani ga jarumansu, na gida kuma su ce wanda yake cin kuɗi da farin jinin jama'a dole ya riƙe amanarsu. Ni dai na kasa ganin amanar da ta kai ran mutum.

Saura tambayar da ta fi damuna, mu na waje in aka taɓa mu ana jin mu? Wani lokacin. A 2017 MBC ta yi Man Who Dies to Live, aka nuna mata da ɗankwalin hijabi da kayan wanka a bakin ruwa, da wanda aka nuna a matsayin Balarabe yana shan giya, Musulmi suka yi ca, tashar ta ba da haƙuri har da Larabci. A 2023 aka maimaita kusan irinsa a King the Land, yariman Larabawa mashayi mai bin mata, kuma ɗan Indiyan nan da ya fito a Ali cikin Squid Game aka ba rawar, nan ma sai da kamfanin ya nemi afuwa. 'Yan Indonesiya sun sa SBS ta ba da haƙuri kan Racket Boys a 2021, Vietnam ta sa an cire Little Women daga Netflix a ƙasarta a 2022 saboda yadda aka yi maganar yaƙinsu, gwamnatin Suriname ma ta yi barazanar zuwa kotu kan Narco-Saints da ya nuna ƙasar a matsayin matattarar masu safarar hodar iblis. In ka duba jerin nan, inda aka fi saurin rusunawa shi ne inda ake da masu biyan kuɗin kallo da yawa, ƙasashen Larabawa da kudu maso gabashin Asiya. Afirka kuwa har yanzu a finafinan nan sau da yawa kamar wani ƙauye guda ce da ake tura likita mai zuciyar taimako, ko inda jarumi zai tafi ya manta da wadda ta yaudare shi, ba a ma damu a ambaci sunan ƙasa ba.

Kuma dalilin ba ɓoyayye ba ne. Mai kallo a Kano ko Maradi yawanci ba ta hanyar da ake ƙirgawa yake kallo ba, a shagon masu tura finafinai ake loda masa a waya ko a memori, ko ya sauke a Telegram, ko ƙawa ta tura wa ƙawa. Zai iya haddace sunan kowane jarumi, ya kwana yana musu kan Taek da Jung-hwan, amma a kwamfutar kamfanin da ke Seoul babu shi a lissafi, ba ya cikin alƙaluman safiya, ba mai tallan da zai ji tsoron ya daina sayen kayansa.